Rigar da Na Ɗinka wa Jirgi

Aure ne ya kawo ni Madina a farkon shekarun casa'in. A Kano aka haife ni, a can na koyi ɗinki wurin ƙanwar babana, kuma keken ɗinkina ne ya fi komai nauyi cikin kayan da aka biyo ni da su. Mijina haifaffen Madina ne, direban motar asibiti. Gidansu yana Ranuna, ba nisa da Ƙuba, mu muna sama, mahaifiyarsa tana ƙasa. Inna kowa yake ce mata, har jikokinta waɗanda in ta yi musu Hausa sai su amsa da Larabci.

Inna ba ta taɓa shiga jirgin sama ba. Tana ƙarama iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Kano da niyyar hajji, wani wuri a ƙafa, wani wuri a jaki, suka yi shekaru a Sudan suna aikin auduga kafin su tsallake teku. Iyakar abin da na sani ke nan a lokacin, don ba ta son zancen. In an matsa mata sai ta ce, "An sha tafiya," ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Babban ɗanta, wan mijina, wanda muke kira Yaya, makanikin jiragen sama ne a Jidda. Da ya yi ritaya sai ya dawo Madina ya kama gida a Azizya. Matarsa ta rasu tun kafin in zo, 'ya'yansa duk sun yi aure, zaman haka nan kuwa bai karɓe shi ba. Ya kwance mana injin wanki da lafiyarsa ƙalau ya mayar. Ya sauke na'urar sanyin ɗakin Inna ya wanke ta ciki da waje. Da ya kai hannu kan rediyonta ta ce ya bar mata abinta.

Wata rana bayan la'asar ya hau sama wurinmu da guntun farin yadi a hannu. Muka gaisa, na kawo masa shayi, ya miƙo mini yadin.

"Amarya," ya ce, don haka yake kirana ko bayan na tara 'ya'ya, "kekenki zai ci wannan?"

Na murza shi. Ba shi da kauri, kamar yadin shafi, amma da na ja da ƙarfi ko motsi bai yi ba.

"Zai ci, Yaya. Labule ne ko riga?"

"Riga ce. Amma ta ɗayyara, jirgin sama."

Na ɗauka wasa yake yi, sai na ga bai yi dariya ba. Ya gyara zama ya yi mana bayani, rabi Hausa rabi Larabci, yadda ya saba. Yana da wani aboki, Balarabe ɗan Madina, tsohon matuƙin jirgi da suka yi aiki tare, kowa Kaftin yake ce masa. Shi ma ya yi ritaya, ya koma gonarsa ta dabino a yamma da gari, kusa da tsohuwar hanyar Badar. Shi ne ya sayi wani ƙaramin tsohon jirgi da a da ake feshin fari da shi. Jirgin ya daɗe a jibge cikin wata rumfa har tattabaru sun yi sheƙa a cikinsa. An tura injin waje a gyara, an cire tankin feshi za a mayar da kujeru huɗu. Saura jiki da fukafukai, waɗanda Yaya ya ce ba ƙarfe ne ya rufe su ba, yadi ne, kuma tsohon ya ruɓe. Sun gwada wani mai ɗinkin kujerun mota, ɗinkinsa ya yi tsalle-tsalle.

"To me za a yi da shi in an gama?" mijina ya tambaya.

"A hau, a zaga, a sauko."

"A je ina?"

"Ba ko'ina. A ga ƙasa daga sama kawai."

Mijina ya ce, "In ya faɗo fa? A ce matata ce ta ɗinka?"

Yaya ya ce babu jirgin da yake tashi sai hukuma ta turo mai bincike ya duba komai, kuma shi da kansa zai bi kowane ɗinki da ido. Mijina ya dube ni. Na ce ina so in gwada. Gaskiya dogayen riguna da abayoyin maƙwabta sun fara gundurata.

Rigar fiffike kamar dogon buhu take, a ɗinke ta, a zura wa fiffiken kamar safa. Tsawonta ya fi falonmu, sai na jawo keken bakin ƙofa, sauran yadin ya miƙe cikin baranda. Yaya ya gargaɗe ni kada ya taɓa ƙasa, kada maiƙo ya taɓa shi. Inna ce ta ɗauki nauyin wannan. Takan hau sama a hankali, ta zauna a kujera, ta tara yadin a cinyarta tana sako mini kaɗan-kaɗan.

"Wannan abin ne zai ɗauki mutane?" ta tambaye ni ran farko.

"Haka Yaya ya ce, Inna."

"Zanen gadona ya fi shi kauri."

Ta farko da na gama, Yaya ya ɗaga ta a hasken taga, ya bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe, ya nuna mini inda ɗinkin ya ɗan tattare. Ya ce a sake. Na ce bari in farke wurin in gyara. Ya ce a'a, ramukan allura sun riga sun raunana yadin, sabo za a yanka. Raina ya ɓaci, don ba a taɓa dawo mini da ɗinki ba. Na yi kwanaki ina gaishe shi a taƙaice. Daga baya na rage gudun keken, na daina jan yadin da hannu, na bar shi yana tafiya da kansa, ta biyun ta fito sumul. Yaya bai yabe ta ba, ya dai naɗe ta ya tafi da ita.

Na zaci aikina ya ƙare a nan. Ashe saura guga da ɗaurin basilla, su kuwa sai a gona.

A lokacin Alhamis da Juma'a ne hutu, don haka kowace Alhamis da mijina ba ya aiki mukan kama hanya da safe, mu bar yara wurin Inna. Gonar tana bayan wasu baƙaƙen duwatsu, dabino a gefe guda, a ɗaya gefen kuma wani dogon fili da aka share aka daddaɓe. Kaftin gajere ne, mai furfura, ba ya rabuwa da hular kwano ko a inuwa. "Ya binti" yake ce mini, 'yata ke nan. Matarsa takan aiko mana da gahawa da dabino, wani lokaci ta zo ta zauna kusa da ni tana kallo, tana cewa ita dai ƙafarta ba za ta taka wannan abin ba.

Ranar da na fara ganin jirgin sai na ji tausayinsa. Ƙashi ne zalla, bututun ƙarfe da wayoyi, fukafukan an jingine su daban, haƙarƙarinsu a jere kamar na ragon da aka feɗe. Aka zura rigar, aka manne bakinta da gam, ta yi sako-sako tana lilo. Sai Yaya ya fito da dutsen guga irin na gida, wanda ya riga ya gwada da ma'aunin zafi ya ɗiga fenti a inda za a tsayar da maɓallin. Ya ce in goge daga tsakiya zuwa gefe, kada in tsaya wuri ɗaya. Ina ɗora dutsen sai na ga yadin yana tsukewa a gaban idona, tattarar tana gudu. Kafin azahar ya ɗame kamar fatar ganga. Kaftin ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ba da sauti, ya juya ya kalli Yaya suka yi murmushi.

Ɗaurin basilla shi ne aikin da ya fi cin lokaci. Dole a ɗaure yadin a jikin kowane haƙarƙari da zare mai kaki, don kada iska ta ɗaga shi. Akan tsayar da fiffiken a kan gefensa kamar bango, mutum ɗaya a kowane ɓangare. Basillar ta kai tsawon kamu. In soka daga wajena, na can ya zare ya dawo mini da ita ta ɗaya gefen haƙarƙarin, in ƙulla, in matsa gaba kaɗan, a sake. Kaftin bayansa ba ya barinsa tsayuwa, Yaya kuma ya ce bai dace ya tsaya yana miƙayya da matar ƙaninsa wuni guda ba. Sai aka tsayar da mijina.

Mijina ba mai magana ba ne. A gida in ya dawo aiki, ya ci abinci, ya kalli labarai, ya kwanta. Amma a can, da fiffike tsakaninmu, ba na ganinsa ba ya ganina, sai bakinsa ya buɗe. A nan na fara jin labarin aikinsa: alhazan da zafi yake kayarwa a harabar masallaci, wata tsohuwa 'yar Nijar da ta riƙe hannunsa har asibiti don shi kaɗai ta ji yana Hausa, wani da ya haifu a bayan motarsa a kan hanyar Uhudu. Ni ma na ba shi labarin unguwarmu, da abubuwan da ban taɓa gaya masa na yi kewa ba. Sau da yawa basillar takan tsaya a wajensa, sai na ce, "Maigida, ina jira," sannan ya tuna ya dawo da ita. Ya soki yatsansa ba adadi. Akwai ɗigon jininsa a ƙarƙashin fentin fiffiken hagu, Yaya ya ce ba ya hana tashi.

Da aka zo fenti na daina zuwa, don ina da ciki, warin kuwa yana juya mini kai. Sai dai Yaya ya zo ya ba mu labari: an shafa na farko, an shafa mai ruwan azurfa saboda rana, an yi fari da layi shuɗi, inji ya iso, an ɗaura farfela. Daga nan aka shiga jiran tasrihi, wato takardar izinin tashi. Wannan jira ya fi aikin kansa tsawo. Kaftin ya yi ta zirga-zirga zuwa Jidda. Mai bincike ya zo, ya danna yadin, ya auna tazarar ƙulle-ƙullena, ya sami wani wuri kusa da wutsiya da ya ce a sake mannewa, ya tafi, ya sake dawowa. Na haihu, yaron ya fara rarrafe, jirgi yana nan cikin rumfa an lulluɓe shi.

Ran da ya fara tashi ba na wurin. Ina wanke-wanke waya ta yi ƙara, na ɗauka, Yaya ne.

"Amarya, ya tashi, ya sauka."

"Lafiya ƙalau?"

"Lafiya ƙalau. Ki gaya wa Inna."

Ya ajiye wayar kafin in yi masa barka.

Daga nan aka fara hawa. Ba sana'a Kaftin ya mai da abin ba. A lokacin sanyi, ranar Alhamis da sassafe kafin iska ta tashi, yakan ɗauki wanda ya gayyata: 'yan uwansa, tsofaffin abokan aikinsu, maƙwabtan gona, har limamin ƙauyen da ke kusa. Waɗanda ke jiran layi su shimfiɗa darduma a gindin dabino, a ci wake da gurasar tamis, a sha shayi, a riƙa ɗaga kai. An iyakance masa inda zai bi, ba zai kusanci gari ko filin jirgin Madina ba.

Wata rana Yaya ya zo da saƙo cewa Kaftin ya ce waɗanda suka ɗinka rigar su ne ba su hau ba, kuma abin yana damunsa. Muna zaune a ɗakin Inna aka yi maganar.

Mijina ya ce, "Ni na ga cikinsa. Na san yadi ne da zare, ni na riƙe basillar. Ba zan hau ba."

"Ita fa?" in ji Yaya.

"In tana so ta hau. Ni zan riƙe yaro."

Ina so, amma ba zan shiga ni kaɗai cikin maza ba. Ina tunanin in roƙi 'yar Yaya ta raka ni, sai Inna ta ce, "Gonar nan, ba kusa da tsohuwar hanyar Badar ka ce take ba?"

"Nan take, Inna."

"To ni zan raka ta."

'Ya'yanta biyu suka haɗa baki. Suka kawo hawan jininta, suka kawo gwiwarta, suka ce jirgin yana girgiza, babu banɗaki, babu komai. Ta bari suka gama. Ta ce ta ji, kuma za ta je. Yaya ya kai ta likita a satin, likita ya ce ta sha maganinta da asuba, ba abin da zai hana.

Muka isa gonar rana ba ta gama fitowa ba, sanyi yana ratsa abaya. Abin da Kaftin ya fara yi shi ne ya ɗora mu ɗaya bayan ɗaya a kan sikelin da ake auna dabino, ya ce dole ya san nauyin da zai ɗauka. Inna ta hau ta sauka abinta, ni ce na ji kunya. Aka kawo akwatin katako ta taka, Yaya ya tallafe ta ta shiga baya, na bi ta. Wurin ya matse, kafaɗata tana gugar tata. Yaya ya ɗaure mana bel, ya ɗora mana abin magana a kunne a kan mayafi, ya zauna gaba kusa da Kaftin. Kaftin ya karanta addu'ar hawa, muka amsa.

Ƙarar injin ta fi yadda na zata. Jirgin ya fara gudu yana karkarwa kamar tsohuwar mota a kan burji, ina hango mijina da yaro a kafaɗa suna wucewa ta taga. Sai karkarwar ta ɗauke gaba ɗaya. Na leƙa na ga kawunan dabino a ƙarƙashinmu, da inuwar jirgin tana gudu a kan duwatsu.

Abin da na fara kallo sosai fiffiken ne, don yana saman tagata. Ina ganin layin ƙulle-ƙullena a ƙarƙashin fenti, kuma tsakanin haƙarƙari da haƙarƙari yadin yana ɗan rawa. Na ce, "Yaya, yana motsi." Ya waiwayo ya duba ya ce haka yake yi, in bai motsa ba ne za a damu. Na yarda da shi, amma na ɗan jima kafin in iya kallon wani abu dabam.

Kaftin ya karkata jirgin ya ce mu duba gabas. Can nesa, cikin hasken safiya, ga Madina a shimfiɗe, ga dutsen Uhudu ja a bayanta, ga hasumiyoyin Harami sirara farare. Inna ta yi salati a hankali, na ji ta cikin kunnena. Muka wuce wani garken raƙuma da ko kai ba su ɗaga ba, da wata gona kore shar a tsakiyar baƙin dutse.

Sai Inna ta yi magana, da Larabcinta na tsofaffin Madina. Ta tambayi Kaftin ko wancan kwarin da ya miƙe kudu maso yamma shi ne wanda ayarin alhazai suke bi a da. Ya ce, "Shi ne, ya ummi." Ta ce ya bi shi in ba damuwa.

"Akwai wata rijiya," ta ce, ta koma Hausa, "tsakanin duwatsu biyu, ɗaya ja ɗaya baƙi, da wata babbar ƙaya a bakinta. A nan muka bar uwata."

Yaya ya juyo gaba ɗaya a kujerarsa. "Inna, ba a Sudan ta rasu ba?"

"Wa ya gaya maka? Ta yi hajjinta. Daga Makka muka taso a ƙafa, zazzaɓi ya kama ta a hanya. Saura kaɗan mu iso. Babana da mutanen ayari suka binne ta bayan rijiyar, suka jera duwatsu. Ban kai shekara goma ba. Da la'asar aka ce a tashi, aka tashi."

Yaya ya fassara wa Kaftin. Kaftin ya rage tsawo, ya bi kwarin. Duk inda ya hango rijiya ko kangon gini sai ya zagaya, ya karkata ta gefen Inna don ta gani da kyau. Matsalar ita ce duwatsu jajaye da baƙaƙe sun cika wurin, ko'ina ka duba akwai biyu a jere. Ga sabuwar kwalta ta yanka ta tsakiya, ga turakun lantarki, ga wasu dogayen rumfunan kaji. Inna ta manna goshinta a taga. A wani wuri ta daɗe tana kallo, har Kaftin ya sake zagayawa ya tambaye ta ko nan ne. Ta ce a'a, dutsen can ya fi wannan tsayi.

Muka ci gaba har Kaftin ya nuna wani tsauni a gabanmu ya ce iyakar izininsa ke nan, dole ya juya. Ya ba ta haƙuri, ya ce in tana so a dawo wani satin.

"Halas, mu koma," in ji Inna. "Daga ƙasa na ga wurin, da idon yarinya. Daga nan duk kamarsu ɗaya. Tana dai cikin kwarin nan."

Ta ɗaga hannu ta yi wa mahaifiyarta addu'a, muka shafa, har Kaftin da hannu ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Yaya ne ya juya fuskarsa wajen taga ya daɗe bai waiwayo ba.

A hanyar dawowa rana ta ɗaga, iska ta fara jijjiga mu, zagaye-zagayen nan kuma ya riga ya hautsina mini ciki. Na yi amai a ledar da Yaya ya miƙo mini. Inna ta riƙe mini mayafi tana shafa bayana, tana cewa ai da na ci abu kaɗan kafin mu taso. Ita ko gezau.

Da muka sauka mijina ya taho da sauri, ya taimaka aka fito da ita, ya ce, "Inna, yaya?"

"Ƙara ta yi yawa," ta ce. "Amma ya fi jaki."

Sai a mota Yaya ya gaya masa abin da ya faru. Juma'ar da ta biyo, su biyun suka ɗauki Inna a mota suka bi tsohuwar hanyar. Ban je ba, yaron ba shi da lafiya. Sun ce sun tsaya a rijiyoyi da dama, wasu sun ƙafe, wasu an sa musu inji. Sun sami wani tsohon makiyayi da ya ce kaburburan alhazai suna da yawa a kwarin, kuma duk ambaliyar da ta zo sai ta kwashe duwatsu ta sauya wa wuri kama. Ya dafa musu shayi, Inna ta sha, ta ce ya isa haka, a koma gida. Bayan wata guda ta sa Yaya ya kafa na'urar ruwan sanyi a ƙofar masallacin ƙauyen da ke kusa da gonar, sadaka ga mahaifiyarta. Shi yake zuwa duba ta duk lokacin zafi.

Inna ba ta sake hawa ba, ta ce sau ɗaya ya ishe ta. Ni na sake, har da ranar da matar Kaftin ta gaji da tsokanar jikokinta ta ce in zo mu shiga tare. Ta rufe ido tun daga tashi har sauka, tana riƙe da hannuna, da muka fito kuma ta ce ta ga komai. Mijina bai taɓa hawa ba. Yakan kai mu, ya zauna a darduma ya ci wakensa.

Jirgin ya yi 'yan shekaru yana wannan zagaye. Daga baya sharuɗɗan tashi suka ƙara tsauri, sannan Kaftin ya je gwajin lafiyar da ake yi wa matuƙa aka ce idonsa na dama ya yi rauni. Bai yi gardama ba. Ya ce ba zai bari jirgin ya koma gidan tattabaru ba, sai ya sayar wa wani mai tara tsofaffin jirage a wata ƙasa ta bakin tekun gabas. Aikina na ƙarshe shi ne na ɗinka wa fukafukan jakunkuna da barguna don kada su goge a hanya. Aka kwance su, aka ɗora komai a tirela. Filin kuma aka nome shi aka shuka ciyawar tumaki.

Yaya ne ya bi tirelar don ya haɗa musu jirgin. Ya ce mako biyu zai yi, sai ga shi ya kwashe watanni, don mutumin yana da wasu jiragen da ke jiran hannu. Ya dawo ya yi ƙiba, yana ƙorafin gumin ƙasar. Ya ce sun sauya fentin zuwa rawaya, kuma yanzu amare da angwaye ake ɗauka a zaga da su bakin ruwa da yamma. Na tambaye shi ko ya hau a can. Ya ce sau ɗaya, kuma bai ji daɗi ba, don duk inda ya leƙa teku ne, babu wurin da mutum zai ce ga inda za a sauka in inji ya yi tari.